Kayan koyon karatu huɗu da na sayo a Balogun: wanda ya ci kuɗinsa da wanda ya ci kuɗina

Ranar da aka ba su hutun zango na biyu, Ummi ta shigo gida da takardar sakamako tana tsalle, malamarta ta cika wurin sharhi da yabo. Shekararta shida, tana aji ɗaya a wata makarantar kuɗi a nan Agege. Da daddare, bayan na rufe keken ɗinki, na ɗauki alli irin wanda nake zana yadi da shi na rubuta “baba” a jikin ƙofa, na ce ta karanta min. Ta dubi rubutun, ta dube ni, sai ta soma rera waƙar ABCD tun daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe. Na ce to, wannan kalma fa? Ta ce Anti ba ta koya musu ita ba.

Abin da ya kai ni kasuwa ke nan. Dama ina zuwa Balogun saro yadi da zare, sai na ratsa wani shagon kayan wasan yara na kwaso abu huɗu: fosta mai magana, haruffan roba masu maganaɗisu, allon rubutu mai batir, da abin ƙirga mai ’ya’yan roba da muke kira carbin lissafi a gidanmu. Yanzu wata biyar ke nan muna amfani da su, ina ganin na isa in faɗi yadda na same su.

Bari in fara da wanda ya fi tsada, don in huce. Fostar nan a bango ake rataye ta, batir uku take ci, yaro ya danna harafi sai murya ta faɗi sunansa da Turanci ta kawo misali, a ƙasa kuma akwai lambobi daga 1 zuwa 10 da waƙoƙi. Makon farko gidanmu ya zama dandali, har ’ya’yan maƙwabta Yarabawa suna layi. Amma ni da nake zaune a gefe ina ɗinki ina kallo, na lura babu wanda yake duban harafin. Maɓallin waƙa kawai ake dannawa. Abin da Ummi ta riga ta haddace shi fostar take maimaita mata, kamar mai kai wa Bagobiri labarin Sabon Birni. Sunan harafi take faɗa, ba sautin da yake yi a cikin kalma ba, alhali da sauti ake haɗa kalma. Yaron da ya san sunan B da sunan A, in ka ce ya haɗa su “bi-e” zai ce maka, ba “ba” ba. Kafin damina ta yi nisa, laimar Legas ta shiga jikinta, rabin haruffan suka daina amsawa, muryar ta koma kamar ta mai mura. Tana nan a bango, ta rufe wani wuri da fenti ya ɓare.

Haruffan roba su ne suka ba ni aiki, su ne kuma suka buɗe min ido. Guda 26 ne na Turanci, manya da ƙanana, da lambobi a cikin leda ɗaya. Ina zubewa a faranti na gane ba don ’ya’yanmu aka yi su ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ga p da q da v da x waɗanda Hausa ba ta da aikin da za ta ba su. Kuma kowane harafi guda ɗaya ne tak, to ta yaya za a rubuta “baba” da a ɗaya da b ɗaya? Hausa cike take da wasalin a. Dole na koma na ƙara sayen leda biyu, masu lanƙwasa kuma na yanko su da almakashi daga kwalin taliya na shafa musu jan maka.

Baban Ummi ya tarar da ni ina wannan yanke-yanke, ya ce, “Maman Ummi, yarinyar nan Turanci za a tambaye ta a jarrabawa, ke kuma kin tsaya koya mata Hausar da ta riga ta iya.” Maganarsa tana kan hanya, kuma na san iyaye da yawa a Agege da Idi-Araba haka suke gani. Yaronmu na Legas harsuna biyar yake ɗauke da su a kai: Hausa a ɗaki, Yarabanci da Buroka a tsakar gida da layi, Turanci a boko, Larabci a Islamiyya da yamma. Tun 2018 ma dokar jihar ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu. Wa zai so ya ƙara wa yaro kaya? Sai dai ni ba Hausa nake koya mata ba. Haɗa baƙi da wasali nake koya mata, kuma na zaɓi in yi shi da harshen da in ta haɗa gaɓa biyu za ta ji ma’ana nan take. Rubutun Hausa ba ya yaudara: a kullum a ce, i kullum i ce. A Turanci harafi ɗaya sai ya yi maka sauti uku.

Hanyar ma ba sabuwa ba ce. Duk wanda ya zauna a gaban alaramma ya san sai an yi babbaƙu kafin a shiga farfaru, inda ake ba, bi, bu. Haka na yi. Na jera wasula biyar a jikin ƙofar firji, na riƙe b a hannu ina matsar da shi kusa da kowanne: ba, be, bi, bo, bu. Kwana uku muna kan b kaɗai. Muka ƙara k, muka ƙara m da n da r. A mako na uku na jera ka da za, ta ja su a hankali, kaa… zaa…, sai ta zabura ta ce, “Umma, kaza!” ta ruga tsakar gida tana nuna kajin maƙwabciya. Ban taɓa ganin ta yi wa fosta irin wannan ihu ba.

Masu lanƙwasar da na yanka da hannu su suka fi ba ta dariya. In na jera kasa sai in zare k in sa ƙ, ta koma ƙasa. Kara ta koma ƙara, bata ta koma ɓata. Nan ta gane cewa ɗan ƙugiyar nan ba ado ba ne. Inda muka sha fama shi ne c. A gida c ta cokali ce da ciyawa, a makaranta kuma ta ce sautin k aka ce musu. Na ce mata harafin riga biyu gare shi, ta gida da ta makaranta, kamar yadda ita ma take da yunifom da kayan gida. Ta karɓa. Har yanzu takan ruɗe in ta gaji. P kuwa, f take fitowa a bakinta kamar yadda take fitowa a bakin ubanta, wannan na bar wa malamarta.

Wata yayata da ke koyarwa a firamare a Bauchi ta aiko min da tsohon littafin karatun Hausa na aji ɗaya ta hannun direban motar tumatir da ke sauke kaya a Mile 12. Shi ya raba ni da ƙirƙirar jimloli daga kaina. A kantunan littattafan da na leƙa a nan ban ci karo da irinsa ba, don haka mai so ya yi aike gida.

Aibin haruffan roba bai wuce biyu ba. Maganaɗisun da ke bayansu ƙanana ne kuma suna ɓallewa, ga ni da mai rarrafe da komai ya samu baki yake kaiwa, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗiga musu gam. Sannan b da d da p da q in sun zube a faranti duk abu ɗaya ne, ya danganta da yadda yaro ya juya. Na ɗiga ɗigon jan farce a gindin kowanne don a san ƙasa.

Allon rubutu mai batir kuwa, shi ne na ce ya ci kuɗinsa har da riba. Siriri ne, baƙi, da ɗan alƙalamin roba. Dannawar alƙalamin ce take fito da rubutun, batirin ba ya aiki sai lokacin gogewa, shi ya sa wata biyar ban canza shi ba. Babu caji, babu data, babu katun da zai ɗauke hankalin yaro. Ga wanda ya san kuɗin littafin rubutu a yanzu, da yadda yaro yake cinye shi a kwana huɗu da zanen mota, wannan kaɗai ya isa dalili. Yana da ɗan makulli a baya da ke hana gogewa, sai in rubuta mata kalmomi biyar in kulle in tafi kai ɗinki. Abin haushinsa, ba ya goge harafi ɗaya. In ta yi kuskure a ƙarshen layi, ko ta ja masa layi ko komai ya tafi, an sha kuka a kan haka. Ba shi da haske na kansa, in an ɗauke wuta sai an haska tocila. Kuma a duba wanda murfin batirinsa yake da noti, don batirin irin mai kama da kwabo ne, haɗiye shi babban hatsari ne ga yaro.

Wanda ban saya dominsa ba shi ya fi kowa morar allon nan. Ƙanin maigida, Baffan yara, yana taya yayansa sayar da albasa a Mile 12. A ka, babu mai cutarsa ko sisi: kafin ka gama danna kalkuleta ya gaya maka kuɗin buhu bakwai da rabi har da ladan ɗauka. Ajami yana karanta shi sarai. Boko ne bai taɓa shiga ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ciniki ya koma tiransifa, yake cikin takura, kowane alat sai ya miƙa wa wani waya ya duba masa. Wani dare ya ga allon a kan tabarma, ya ɗauka yana juyawa, ya ce, “Anti, wannan na yara ne kawai?” Na ce na mai so ne. Na gane abin da ya ja shi: maɓalli ɗaya, kuskurenka ya ɓace, babu yaron da zai tsinci takarda gobe ya yi maka dariya. Matsalarsa sifili ce. 5,000 da 50,000 da 500,000 duk kama suke masa a waya. Mako biyu muna ƙirga sifili da waƙafi bayan sallar isha, yanzu shi yake duba alat ɗinsa. Yakan fara rubutu daga dama har yau, hannu ya saba da allo.

Saura carbin lissafi. Layi 10 ne, kowane layi ’ya’ya 10, ɗari cif. Don ƙirga da tarawa da ɗebewa na ƙananan lambobi ba shi da laifi, kuma ya yi ƙarko, an taka shi an jefar bai karye ba. Amma bai warware min abin da ya fi damuna ba. Ummi takan rubuta 31 in an ce ta rubuta 13. Na daɗe ina zaton rashin natsuwa ne, sai da na saurari yadda ake faɗin lambar da Turanci: ukun ake fara ji kafin goman, ita kuma abin da ta fara ji take fara rubutawa. Da Hausa goma sha uku muke cewa, goma a gaba, uku a baya, daidai yadda ake rubutawa. Da na sa ta riƙa faɗa da Hausa a zuciyarta kafin ta rubuta, kuskuren ya ragu ƙwarai. (Ashirin ba ɗaya da ashirin ba biyu na kakarta na ajiye su gefe tukuna. Ƙawayenta Yarabawa nasu ya fi namu, su 15 ma daga ashirin suke ɗebe biyar.)

Abin da ya koya mata gidan goma da gidan ɗaya ba a Balogun na saye shi ba. Yayar tawa ce ta gaya min dabarar da aka koya musu a bita, wadda wata ƙungiya ta Indiya mai suna Pratham take amfani da ita: tsinke da dami. Na karɓo tsinkayen tsire wurin mai naman bakin layinmu, na wanke, na yanke tsinin, muka riƙa ɗaure goma-goma da ƙyauron roba. 34 ya zama dami uku da tsinke huɗu. In za a ɗebe 8 daga 34, tsinke huɗu ba za su isa ba, dole a kwance dami ɗaya. Ranar da ta kwance damin da hannunta ta gane mene ne aron da ake cewa a yi a makaranta. A carbi ba a ganin wannan, don ’ya’yan a maƙale suke a waya, ba a ɗaurewa ba a kwancewa. Da na san haka da kuɗin carbin na ƙara allo na biyu, don yanzu rigima ake tsakanin Ummi da Baffanta a kan guda ɗayan.

In wata uwa ta tare ni a hanyar Islamiyya ta tambaye ni, zan ce ta sayi allon, ta sayi haruffa leda uku ta yanka masu lanƙwasa da kanta, ta bar fosta a shago. Carbi in da rarar kuɗi. Kuma ta sani babu ɗaya a cikinsu da yake aiki in an miƙa wa yaro an juya baya. Ni minti ashirin nake warewa tsakanin magariba da isha, ran da ɗinki ya yi yawa kamar gab da sallah kuwa, mako guda sai ya wuce ba mu taɓa ba, kuma ina ganin yadda take komawa baya.

Turancin nata bai kankama ba tukuna, gajerun kalmomi masu harafi uku take haɗawa, dogaye tana cinka. Amma makon jiya muna cikin danfo za mu Oshodi, ta manne fuska a gilashi tana motsa baki, sai ta ja mayafina ta nuna wani allon kan titi: “Umma, I-ke-ja. Wannan ma Hausa ce?”