Hattara da masu tallan "alharinin Suzhou" da sunan kyautar zumunci

'Yan uwa, musamman mata masu sayayya ta Instagram da WhatsApp, ku buɗe ido. Akwai shafuka da ke tallan hankici da gyale da mafici da ƙananan hotuna na cikin firam, wai alharini ne zalla, surfanin hannu daga Suzhou ta ƙasar Sin. Tallan ba ya cewa ki saya wa kanki. Cewa yake ki saya wa aminiyarki mai shirin aure, ko uwar ɗakinki, ko ƙawar da za ta koma wani gari, don ta riƙa tunawa da ke. A nan dabarar take. Wadda aka ba kyauta ba za ta juya bayanta tana bincike ba, in ma ta gane jabu ce kunya ba za ta bari ta faɗa ba. Ita kuwa mai saye abin bai kwana a hannunta ba balle ta lura. Shi ya sa masu wannan harka suke daɗewa ba a tona su ba.

Surfanin Suzhou gaskiya ne, kuma abin alfahari ne a can. Birnin yana lardin Jiangsu, kusa da Shanghai, aikinsa kuma ɗaya ne daga cikin manyan surfani huɗu na Sin, tare da na Hunan da Sichuan da Guangdong. A 2006 gwamnatin ƙasar ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya da take karewa. A garin Zhenhu da ke gefen birnin, mata da yawa ba su da sana'ar da ta wuce wannan. Mai aikin takan tsaga silin zare ɗaya gida 16, wani lokaci fiye, har ya fi gashin kai siranta, sannan ta riƙa ɗora launi kan launi. Akwai wanda ake yi fuska biyu a kan ƙyalle shara-shara, ki ga kyanwa ta gaba, ki juya ki ga kyanwa ta baya, babu ƙulli ko ɗaya a fili. Aiki mai kyau yakan ci watanni. To ki tambayi kanki, wace mata ce za ta sunkuya wata uku a kan ƙyalle, a ɗauko shi a jirgi, mai talla ta ci riba, sannan ya iso hannunki a kuɗin atamfa mai sauƙi? Duk wanda ya taɓa sa a yi masa babbar riga aikin hannu a Zariya ya san ba a haɗa kuɗinta da na aikin kwamfuta, haka abin yake a can ma.

Abin da ake turo wa mutane yawanci kayan sari ne irin na kasuwannin Yiwu da Guangzhou, yadin roba mai sheƙi da inji ya yi wa fure. Sayar da shi ba laifi ba ne, 'yan kasuwarmu na kawo irinsa su faɗi sunansa su sa masa kuɗinsa. Laifin shi ne a kira shi alharini aikin hannu a ninka farashi. Akwai kuma wanda ya fi wuyar ganewa: a buga hoton gaba ɗaya da tawada a kan ƙyalle, sannan a bi wasu wurare da 'yan ɗinki na hannu, kan tsuntsu ko bakin fure. A waya sai ki rantse duk zare ne. Ɗan katin nan mai jan hatimi da rubutun Sinanci da suke sakawa cikin kwali, kada ya ruɗe ki, kowa na iya buga shi.

In kayan na gabanki, fara juya bayansa. Aikin inji yana da zaren ƙasa, galibi fari, ya bi bayan furen layi-layi, sau da yawa har da ragowar wata farar takarda da ake shimfiɗawa kafin a ɗinka. Kaurin zarensa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ɗinkin kuma a ƙage yake, ki taɓa ki ji tauri. Ki ce a ba ki guda biyu masu zane ɗaya ki jera su. In ba su bambanta ko da ɗinki ɗaya ba, inji ne, domin hannu ba ya maimaita kansa haka. A na hannu za ki ga zaren ya yi kauri a jikin reshe ya sirance a gashin tsuntsu, launi yana narkewa cikin launi ba tare da iyaka ba. Ki kai shi hasken rana ki duba tsakanin zaruruwan, in kin ga sararin sama ko ruwan da ke hoton tawada ce, kin san abin da kika riƙe.

Shi kuma yadin, ki zare sili biyu daga gefe ki kusantar da ashana. Alharini yana ƙaurin gashi, yana mutuwa da kansa in an janye wutar, ya bar baƙar toka da ke murƙushewa tsakanin yatsu. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri, da warin leda. In kin ji ƙaurin takarda, wani yadi ne da ake sarrafawa daga itace, shi ma ba alharini ba ne. Mai kayan gaskiya ba ta jin tsoron wannan gwaji.

Waɗannan duka masu turo wani abu ne. Akwai waɗanda ba su da ko hankici ɗaya. Sukan ɗauko bidiyon wata mata tana aiki a kan katakon surfani, su ɗora a shafinsu kamar ma'aikaciyarsu ce, su ce za a saka sunan ƙawarki da zare, don haka ki ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Bayan mako biyu kaya "sun maƙale a Legas", a ƙara kuɗin fito. Kina turawa lambar ta daina shiga. Kafin ki biya ko sisi, ki nemi a kira ki ta bidiyo, a riƙe kayan a hannu, a juya bayansa kina gani. In aka fara "Hajiya, ai netwok ne", ki kama gabanki.

Mafi muni ita ce wadda ke zuwa ta hanyar abota. Wani ko wata da kuka haɗu a Facebook, ana gaisawa kullum, ana tambayar yara, sai ranar nan ta ce ta aiko miki da mayafin alharini da ta yi wa aiki da hannunta, har da hoton kwalin da sunanki a jiki. Kwana kaɗan wani ya kira, wai daga kamfanin aike ko kwastan yake, kayanki sun iso amma sai an biya haraji, ga lambar asusu. Hukumar kwastan ba ta karɓar haraji a asusun wani mutum. Babu kwali, babu mayafi, mai kiran da "ƙawar" kuma bakinsu ɗaya, in ma ba mutum ɗaya ba ne. In kin biya na farko, na biyu na tafe, wannan karon da barazanar cewa an ga kuɗin waje a cikin kwalin, za a kama ki.

Wadda ta riga ta tura kuɗi, ta garzaya bankinta a ranar ta shigar da ƙorafi, domin da an kwashe kuɗin daga asusun can dawo da su na da wuya. Kada ta goge hirar don haushi. Ta adana hotunanta, da rasit, da lambar asusun da sunan da ya fito a kai, ta kai wa 'yan sanda ko EFCC. In kuma an kawo kaya ne amma jabu, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ita ke karɓar irin wannan ƙara, kuma za a buƙaci hoton tallan kamar yadda aka rubuta shi, don haka ku ɗauke shi tun kafin su sauke shafin.