Wasiƙa daga Ingila: ranar da yaro ya cika shekara 18

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da iyali da ɗalibanka. Ka ce in ba ka labarin yadda ake kula da matasa masu larurar ƙwaƙwalwa a nan, tunda aikina ke nan a gidan da ake zaunar da samari da 'yanmata waɗanda ba su kai ga riƙe kansu ba tukuna. To ga abin da idona ya gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a jira sai yaro ya fara tsince-tsince a bola kafin a yarda ba shi da lafiya. Yarinya ta daina barci, ta daina cin abinci, ta kulle kanta a ɗaki, wannan kaɗai ya isa a kai ta wurin likitan unguwa da suke kira GP, shi kuma ya tura ta sashen yara da matasa na hukumar lafiya ta NHS, wato CAMHS. Ba a karɓar kuɗin ganin likita. Mu baƙi dai mun riga mun biya tun wajen neman biza, fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga ɗalibi. Idan abu ya rikice cikin dare, tun 2024 ana kiran lamba 111 a zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, a samu ma'aikaci a kan layi.

Akwai kuma ayarin ma'aikata na musamman don wanda ya fara jin muryoyi ko ganin abin da babu shi. Ƙa'idar da aka sa tun 2016 ita ce a fara kula da shi cikin mako biyu, kuma sukan riƙe shi har shekara uku, da magani, da zaman tattaunawa, da taimakon komawa makaranta ko aiki. Wallahi wannan nake yi mana sha'awa. Ban ce a bar addu'a ba, Allah ya kiyaye, amma watannin da muke ɓatawa ana gardamar ko iska ce ko sammu, su ne watannin da magani ya fi ci.

Sai dai kada ka ɗauka komai lafiya lau. Layin jira a sashen yara yakan kai watanni. Babban ramin kuwa yana ranar da yaro ya cika 18. A yawancin yankuna ranar ake rufe fayil ɗinsa, a ce ya koma sashen manya, su kuma manyan ba sa karɓar mutum sai ciwonsa ya yi tsanani. Sai ka ga saurayin da ya shekara da shekaru yana ganin ma'aikaciya ɗaya, ta san fushinsa, ta san shirunsa, an ce masa bai kai matsayin da za a ɗauke shi ba, ya koma wurin GP. Wanda aka karɓa ma, takarda ake aiko masa ta gidan waya. Na sha ganin irin ambulan ɗin nan a kan tebur, ba a ko buɗe ba, domin mai ciwon damuwa tashi daga gado ma aiki ne a wurinsa. In ya kasa zuwa sau da yawa, sai a sallame shi a ce bai halarta ba.

Kuma dubi lokacin da abin ke faɗowa. A shekarar ce yake rubuta jarrabawar fita sakandare, yake barin gida zuwa jami'a a wani gari, yake canza likita. Wanda ya tashi a hannun hukuma, a lokacin ake fara sakin hannunsa. Bincike ya daɗe da nuna cewa rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin 24. Wato an yanka igiyar daidai inda nauyi ya fi yawa. Hukumomin ma sun sani. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya gano cewa waɗanda aka miƙa wa sashen manya yadda ya kamata ba su kai biyar cikin ɗari ba. A 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta ce a fara shirin miƙawar tun yaro yana 13 ko 14, a ba shi ma'aikaci guda da zai raka shi har ya tsallake. A 2019 NHS ta yi alkawarin kulawa ɗaya daga haihuwa zuwa 25, irin wadda birnin Birmingham ya riga ya fara. Har yau sai dai sa'ar inda mutum yake zaune.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na iyaye. Wata uwa ta bugo mana waya tana kuka, so take kawai ta ji ko ɗanta ya sha maganinsa. Dole na ce mata ba ni da ikon faɗa sai da yardarsa, domin ya zama babba a idon doka. Na fahimci hikimar, akwai yaran da gidan ne ciwonsu. Amma matar nan ita ta yi jinyarsa tun yana ƙarami, rana ɗaya aka mayar da ita baƙuwa.

A gida Najeriya ba mu da wannan ramin na 18, saboda dangi ba sa duba kalanda kafin su riƙe nasu. Namu ramin shi ne rashin ƙofar shiga tun farko. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, asibitocin kuma suna manyan garuruwa. Shi ya sa iyaye masu ƙaunar ɗansu suke ƙarewa da kai shi gidan mari, kamar waɗanda 'yan sanda suka buɗe a 2019 aka tarar da mutane cikin sarƙa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ma da sunan mahaukata take kiran marasa lafiya.

Game da ɗalibin nan naka mai irin wannan larurar da zai tafi jami'a, kada a bari ya tafi hannu rabbana. A karɓo masa takarda daga likitansa mai ɗauke da sunan ciwon da maganin da yake sha, a nemo asibitin da zai riƙa zuwa a can kafin ya tashi, a kuma samu babba guda da ya yarda da shi wanda zai riƙa kiransa. A tambayi yaron kansa wa yake so a sanar wa, wa kuma ba ya so. Ka gaishe mini da Inna da kyau.