Kafin ka ɗora wa tsohuwar Corolla sufacaja a ƙofar gida

Ɗan yayata da ke Aboabo ya zo mini ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, waya a hannu, ya ce: "Kawu, dubi wannan. Mutumin nan a garejin gidansa ya ɗaura sufacaja, kuma motarsa irin tawa ce." Motar tasa Corolla ce ƙirar 2005 mai injin lita 1.8, wadda ta sha hanya a ƙasar waje kafin ta sauka a Tema. Abin da ke damunsa shi ne duk sanda ya ɗauki iyali za su Mampong, motar sai ta riƙa nishi a hawan dutsen nan. Yana son ƙarin ƙarfi, kuma yana son ya yi aikin da hannunsa. Na ce masa ya zauna, domin zaɓin ya fi ɗaya, kuma wanda ya fi arha a ido ba lalle ne ya fi sauƙi a aljihu ba.

Sufacaja zugazugin inji ce. Yadda maƙeri ke zuga wuta ta ƙara ci, haka wannan na'ura ke cusa wa inji iskar da ta fi wadda zai iya shaƙa da kansa, kuma bel ne ke juya ta daga karanshaf. Iskar da muke shaƙa tana da matsi na kusan psi 14.7 (psi ma'aunin matsin iska ne, irin na iskar taya). In aka ƙara psi 6 ko 7 a kai, injin ya samu ƙarin iska kusan rabin abin da ya saba. Amma ba duka ne ke isa taya ba, saboda na'urar kanta tana cin wani kaso na ƙarfin injin kafin ta juya, kuma iskar da aka matsa tana zafi. Sannan ƙarin iska yana neman ƙarin mai daidai gwargwado, a daidai lokacinsa. Nan ne aikin yake, kuma nan ne galibin masu ɗaurawa a gida ke ƙona fistin.

Zan fara da abin da ba na so kowa ya zuba sidinsa a ciki: ƙaramar fankar lantarki da ake tallatawa a intanet da sunan sufacaja, wadda ake soka wa a bututun iska a jona da batir. Injin lita 1.8 da ke juyi 6,000 a minti yana zuƙar iska wajen lita 5,000 a minti guda. Matsa wannan iska yana buƙatar kilowat da dama, wato ɗaruruwan amp a wutar mota mai volt 12, alhali altanetar ƙaramar mota ba ta cika wuce amp 100 ba. Fankar roba ba za ta iya ba, ƙarshenta ma ta tare wa iska hanya, ko fiffikenta ya karye ya faɗa cikin inji. Akwai na lantarki na gaske, irin wanda Audi ya sa a SQ7, amma wannan da wutar volt 48 yake aiki.

Zaɓin da ya fi jan hankalin matasan Kumasi shi ne a shiga Magazin, unguwar makanikai da kayan gyaran mota a Suame, a nemo tsohuwar sufacaja da aka cire daga wata mota. Wanda ke Accra kuma Abossey Okai zai nufa. Abin da aka fi samu ƙirar Eaton ce, irin wadda ake kira Roots, da sunan wasu 'yan'uwa biyu a Amurka da suka ƙirƙiro ta tun ƙarni na 19 don hura wutar narka ƙarfe. Galibin Mercedes ɗin nan da aka rubuta wa Kompressor a baya ita suke ɗauke da ita, haka ma Mini Cooper S ta shekarun 2002 zuwa 2006 da ke da M45. Lambar nan tana nuna yawan iskar da na'urar ke turawa a juyi ɗaya: M45 kusan kashi uku cikin huɗu na lita, M62 kusan lita guda. Ga inji mai lita 1.3 zuwa 1.8, M45 ta wadatar. M90 ta manyan injina ce, kada girmanta ya ruɗe ka. Toyota ma ta yi nata, SC12 da SC14, masu kuloci na maganaɗisu a bakin fuli, kuma su ma suna shigowa jefi-jefi.

Kyawun wannan iri shi ne ƙarfin yana zuwa tun daga ƙasa. Kana taka totur kana jinsa, ba sai inji ya yi ihu ba. Ga mai tashi daga cunkoson Sofoline ko mai hawan tudu da kaya, wannan shi ne ƙarfin da ake bukata. Aibinsa zafi: iskar da Roots ke turawa tana ɗumama sosai, kuma rana a garin nan ba ta wasa.

In za ka saya, ka riƙe ta a hannu ka juya fulin. Ya kamata ta juya sumul, ba gurzawa. Ka juya gaba da baya da sauri. In ka ji ƙas-ƙas, robar da ke haɗa bakin da cikin ta ci, kuma wannan gyara ne mai sauƙi. Ka leƙa ciki da tocila. Ɗan gogewar fenti a jikin ƙarafan da ke juyawa ba komai, amma zurfin ƙarzuwa a jikin bango yana nufin ta haɗiyi yashi ko wani ƙarfe, a bar ta. Ka tambayi bawul ɗinta na sakin iska, wanda ke buɗewa in ka ɗaga ƙafa daga totur, domin sau da yawa ana cire na'urar a bar shi a jikin motar. Ka tabbatar da ɓangaren da take juyawa ya yi daidai da na injinka. Wasu tsofaffin injinan Honda, alal misali, juyinsu saɓanin na sauran motoci ne. Ta Mini kuma tana da giya a bayanta da ke juya famfon ruwa, wadda ba ka bukata a Corolla, sai an san yadda za a yi da ita.

To ga inda nake son mai karatu ya dakata. Na'urar ita ce mafi arha a cikin aikin gaba ɗaya. Ba a yi ta don motarka ba, saboda haka sai an ƙera mata ƙarfen zama, an ƙera mahaɗin da zai kai iska cikin inji, an samo bel mai tsawon da ya dace da abin ɗame shi. A ƙaramar mota injin a gicciye yake, wuri a ƙarƙashin bonet kuwa kaɗan ne, wani lokaci sai an matsar da altaneta ko an sadaukar da na'urar sanyi. Fulin sufacaja da na karanshaf dole su tsaya a layi ɗaya. Karkata kaɗan ta isa bel ya riƙa zamewa ko ya tsinke. Mu a Kumasi mun yi sa'a a nan, don masu walda da masu sassaƙa ƙarfe na Magazin ba abin da ba za su iya ƙerawa ba in ka kai musu awo na gaskiya. Sai dai wannan ya nuna maka cewa "a gida" ba ya nufin kai kaɗai da sifana goma sha biyu.

Bayan ƙarfe sai mai da wuta. Injektocin da motar ta zo da su an auna su ne da ƙarfinta na asali, haka famfon mai. Ƙwaƙwalwar motar, wadda fitocinmu, wato makanikai, ke ce wa kwantirol bod, ba ta san da ƙarin iska ba. A tafiyar yau da kullum inji yana ƙona kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, amma a ƙarƙashin matsi ana son cakuɗin ya yi nauyi, wajen 11.5 zuwa 12, kuma a ɗan jinkirta tartsatsin fulogi. In ba a yi haka ba man zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma ba a daɗewa fistin ya fashe ko gaskit ya ƙone. Injin Corolla ɗin nan, 1ZZ-FE, matsinsa na ciki 10 ne bisa 1, na Yaris mai lita 1.5 ma ya ɗan fi haka, don haka sararin kuskure kaɗan ne. Mafita ita ce ko a ƙara wata ƙaramar kwamfuta da ke gyara saƙon ta asali, ko a sauya ƙwaƙwalwar ɗungurungum da wadda ake iya saitawa, tare da na'urar auna cakuɗin iska da mai a salansa. Kuma daga ranar ka rabu da fetur na RON 91, sai mai lamba 95, wanda ya fi jure matsi kafin ya fashe. Ka yi tunanin ko za ka same shi duk inda ka saba zuwa, musamman in kana bin hanyar Techiman zuwa arewa.

Shi ya sa na ce wa yaron nan ya juya tsarin sayayyarsa. Ya fara nemo mutumin da ya iya saita ƙwaƙwalwar mota mai ƙarin iska, ya ga motar da ya taɓa yi tana tafiya, ya ji irin kwamfutar da ya saba da ita. Fitan da ya ƙware a kwance inji daban, mai wannan sani daban, kuma ba raini ba ne a faɗi haka. In ba a samu wannan mutum ba, maganar sufacaja ta ƙare tun kafin a sayi ko ƙusa.

Zaɓi na gaba shi ne cikakken kaya da aka yi don motar musamman. TRD, reshen Toyota na kayan tsere, ya taɓa yin irinsa don 1ZZ-FE, Jackson Racing kuma ya yi wa tsofaffin Civic. An daina yin da yawa daga cikinsu, sai na hannu daga waje, ga kuɗin jirgi ga kuɗin kwastan. Amma shi ne kaɗai wanda da gaske mutum zai iya ɗaurawa a ƙofar gida cikin kwana biyu ko uku, domin kowane rami ya dace da ƙusarsa. Hatsarinsa shi ne a turo maka shi ba cikakke ba. Ka nemi hoton kowane yanki, musamman akwatin lantarki da wayoyinsa, ka kuma tabbatar da shekarar motar da aka yi shi dominta.

Akwai kuma irin Rotrex, 'yar ƙasar Denmak, wadda cikinta kamar na turbo ne, na'urar hura iska da hayaƙin salansa ke juyawa, amma ita bel ke juya ta. Ƙarama ce, tana shiga matsattsen wuri, iskarta ba ta kai ta Roots zafi ba. Sai dai ƙarfinta a sama yake, sai inji ya ɗau juyi sosai, kuma tana da nata man na musamman da ba a maye gurbinsa da kowane mai. Ga mai yawon cikin gari da hawan tudu, ban ga dalilin biyan tsadarta ba. Turbo kuwa ya fi kowanne yawa a kasuwa, amma yawanci na injinan dizal ne, kuma yana neman sabon bakin salansa da bututun mai da na ruwa, ga zafi a ƙarƙashin bonet. Matsalar ƙwaƙwalwa da fetur tana nan yadda take.

Abin da ni na fi karkata gare shi ga mai Corolla shi ne sauya inji. Toyota ta yi 2ZZ-GE, ɗan'uwan 1ZZ-FE, wanda ta sa a Celica da Corolla XRS. Na asalin yana ba da ƙarfin doki wajen 130, wannan kuwa daga 160 da wani abu zuwa sama, ba tare da wata na'urar hura iska ba. In aka samo shi da giyarsa da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa daga rabin motar da aka yanko, komai injiniyoyin kamfani ne suka riga suka saita. Gaskiya ne shi ma ƙarfinsa a saman juyi yake kuma fetur mai kyau yake so, amma kowane fita da ya san Toyota zai iya duba shi in ya tsaya maka a Nkawkaw. Tunda lambar inji tana cikin takardun mota, sai an je DVLA, hukumar rajistar motoci, an gyara, kuma ko wane irin canji ka yi, ka sanar da kamfanin inshorarka.

Duk zaɓin da mutum ya ɗauka, sauran jikin motar ma za su ji a jikinsu. Kuloci zai fara zamewa. Giya mai sarrafa kanta da ta tsufa ba ta son ƙarin ƙarfi, irin CVT, giyar da ba ta da matakai, da ke cikin ƙananan motoci da yawa kuwa a ƙyale ta kawai. Lagireto, birki da tayoyi sai sun zama lafiyayyu. Matatar iska buɗaɗɗiya da ake yayi, a ƙurar hunturu, yashi za ta riƙa tura wa na'urar. Wanda kuma motarsa ce abincinsa, tasi ko ɗaukar fasinja ta waya, shawarata ya bar ta yadda take, don shan mai zai ƙaru kuma kwana ɗaya a gareji asara ce ga iyali.

Da na gama, yaron ya ce: "To Kawu, da me zan fara?" Na ce da gwajin matsin silinda, wanda ba ya cin awa guda. Silinda huɗun su kasance kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A duba ko motar tana shan baƙin mai, a wanke injektoci, a sauya fulogi da matatar iska, a duba ko tukunyar tace hayaƙi ta salansa ta toshe, don toshewarta kaɗai tana sa mota ta kasa hawa. Mun yi da shi ran Asabar da safe zai biyo ta gida mu wuce Suame tare, a auna injin tukuna.