Fostar bayoloji da na saya wa ƙanwata

Ƙanwata tana aji biyar na sakandare a nan Tudun Wada, kuma darasin dabbobi marasa ƙashin baya ya hana ta sakat, komai a wurinta in ba tsutsa ba ne to ƙwaro ne. Shi ne na leƙa wani shagon littattafai a kasuwa na sayo mata wata babbar fosta mai leda, muka manna a bangon ɗaki, yau wata biyu kenan.

Gaskiya ta biya kuɗinta. Abin da ya burge ni ba ta bi kamannin dabba ba, ginin jiki ta bi. Ga tsila, ga kurkunu, ga tana, mu duk tsutsa muke ce musu, amma fostar ta yanka kowacce ta nuna cikinta: tsila a shimfiɗe take ba ta da kogon jiki ko hanji ma ba ta da shi, kurkunu dangin nematoda ce, wato tsutsotsi masu mulmulallen jiki, mai kogon da bai cika ba, ita kuwa tana kogonta cikakke ne jikinta gaɓa-gaɓa, wai danginsu ɗaya da matsattsaku. Ranar da aka yi ruwa yarinyar nan ta tsinto tana a bakin kwata ta ɗora a murfin bokiti tana ƙirga zobban jikinta, Umma na ta faɗa a fitar mata da ƙazanta.

Ɓangaren ƙirga ƙafa kam har ni na ƙaru, ƙwaro shida, gizo-gizo da kunama da kaska takwas. Ashe Liniyas, masanin nan da ya rarraba halittu gida-gida, a 1758 gida biyu kawai ya zuba marasa ƙashin baya duka, ƙwari da tsutsotsi, sai daga baya Lamak ɗan Faransa ya ware su gizo-gizo daban, to kun ga ƙanwata ba ita ta fara ba.

Inda na fi daɗewa tsaye shi ne hoton yadda ɗan tayi ke girma. Ramin farko da ke buɗewa, a wurin dodon koɗi da tana baki yake zama, a wurin tauraruwar teku kuwa dubura, irin namu. Na ce kai, wato wannan abar mai hannu biyar ta fi kusa da mu a kan fara? Ta ce "Yaya haka malam ma ya ce."

Matsalarta rubutun ƙasan hotunan ƙanana ne sosai, in an ɗauke wuta sai da tocilan, kuma ledar ta fara ɗagowa a gefe tun da damina ta kankama. Sannan ko sunan Hausa ɗaya babu, rabin misalan ma dabbobin teku ne da yaron Kaduna bai taɓa gani ba. Da alƙalamin maka muka bi muka rubuta kyankyaso, shanshani, ƙadandoniya da ƙaguwa a gefen hotunansu, sai a lokacin ta fara zama mata a kai.