Kasuwar Beaulieu: wa ta dace da shi, wa kuma zai yi asarar kuɗin jirgi

Duk shekara a watan Satumba, filayen ciyawa da ke kewaye da gidan adana motoci na ƙasar Ingila a Beaulieu, cikin gundumar Hampshire kusa da Southampton, kan koma kasuwar kwana biyu, Asabar da Lahadi. Tun 1967 ake cin ta. Rumfuna kusan dubu biyu ne na tsofaffin kayan gyaran mota da babur, ga sashen sayar da motocin kansu, ga gwanjon motoci. Akwai ƙaramarta a watan Mayu, amma dillalan Jamus da Holan da Faransa ta Satumba suka fi cikawa. Tikitin shiga ya haɗa da gidan adana motocin.

Hukuncinmu a taƙaice: ga mai tayar da tsohuwar motar Ingila, wato Land Rover, Morris, Austin, MG, Bedford, da wuya a samu kamarta. Ga mai Peugeot 504 kuwa, zuwan ba ya biyan kansa. Motar da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, kayanta sun fi yawa da araha a Panteka ko Ƙofar Ruwa.

Abin da ya ɗaga kasuwar shi ne masu rumfunan. Da yawansu dattawa ne da suka ƙare rayuwarsu a kan mota iri ɗaya, da ganin kafireto za su gaya maka na wace shekara ne. Kulob-kulob na masu tsofaffin motoci ma kan kafa rumfa, kuma nan ya kamata a fara tsayawa a yi tambaya kafin a fitar da ko fam ɗaya. Aibinta kuma shi ne ba a jera kaya bisa nau'in mota ba. Mai fitilun kamfanin Lucas yana iya zama maƙwabcin mai tsofaffin gwangwanayen mai, sai an taka ƙafa sosai. In sama ta zubo, filin ya zama taɓo.

Inda mai saye daga Najeriya ko Nijar ya fi faɗawa rami shi ne batun hannun tuƙi. Ingila a hagun titi ake tuƙi, mu kuma a dama, Najeriya tun 1972. Gilashin fitilar gaba na motar Ingila an zana shi ne ya ɗaga haske ta gefen hagu. Ɗaura shi a nan, sai ya riƙa dallare idon mai tahowa. A duba jikin gilashin: in akwai tambarin E da kibiya mai kai ɗaya, na masu tuƙi a hagu ne, a bar shi. Akwatin sitiyarin Land Rover ma haka, na mai sitiyari a dama ba ya hawa mai sitiyari a hagu.

Sai wuta. Yawancin motocin Ingila kafin wajejen 1967 kan batir na fositif ne ake haɗawa da jikin mota, akasin yadda ake yi yau. Rediyo, agogo ko famfon mai na lantarki da aka yi don wancan tsari yana iya ƙonewa nan take in an juya masa wuta. Volkswagen ƙirar kunkuru ta da kuma batir mai bolt 6 take amfani da shi, sai wajen 1967 aka fara komawa 12, don haka sitata da danamo da ƙwan fitila ba sa musanyuwa.

Noti ma da nasa. A tsofaffin motocin Ingila akwai tiredin Whitworth da BSF, daga baya UNF, sai na milimita. Sukan yi kama a ido, amma in aka tilasta sai tiredin ya cinye. Injin Land Rover mai lita 2.25 kansa iri biyu ne, mai manyan boris 3 da mai 5 wanda ya zo wajen 1980, kuma karanshaf ɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya zo ba lambar shasi da ta inji a rubuce, da hoton tsohon kayan da ma'aunin kauri a aljihu, caca yake yi.

A yi hattara da "sabo ne, tsohon ajiya", kalmar da ke ninka farashi. Ƙarfe da gilashi da tambarin gaban mota ba sa tsufa a kwali, amma roba tana bushewa. Robar masta ta birki, tiyon lagireto da sil da suka shekara 40 a ajiye za su tsage cikin 'yan makonni a zafin Kano. Kafireto ƙirar SU a girgiza sandar maƙurarsa: in tana wasa, iska za ta riƙa shiga ta gefe, inji ba zai taɓa zama daidai a silo ba. Kafireto ƙirar Zenith na Land Rover kuwa fuskar da ke tsakanin sama da ƙasansa ce ke lanƙwasa, a ɗora mata ƙarfe miƙaƙƙe a gani. Ba a mayar da kaya bayan an watse.

Ciniki ana yin sa, sai dai ba irin namu ba. Wanda ya taya rabin kuɗi, mai kaya zai kau da kai ne kawai. Ragin kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari ya fi karɓuwa, kuma tsabar kuɗi ta fi kati tasiri. Kaya masu wuyar samu da safiyar Asabar suke ƙarewa. Araha sai yammacin Lahadi, lokacin da babu mai son sake loda ƙarfe a mota.

A lissafa dawowa tun kafin saye. Jaka ɗaya a yawancin jirage kilo 23 ce, sitata da danamo da akwatin sitiyari sun kusa cinye ta. Kafireto ko famfon mai da ke warin fetur ana iya ƙin ɗaukarsa a filin jirgi, batir kuwa kada ma a fara. Giyabos da kan inji sai ta jirgin ruwa, kuma kuɗin dako da na kwastan kan zarce abin da aka biya a rumfa.