Liyarin 1780 ko kwabo mai huji na 1936: wanne za ka fara ɗauka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wani mai sayar da tsofaffin kaya ya nuna maka tsaba biyu: liyarin azurfa mai hoton wata mata, an rubuta 1780 a bayansa, da kuma kwabo mai huji na 1936, irin namu na zamanin mulkin Turawan Ingila. Ya ce maka liyarin ya haura shekara 240, kuɗin hannunka kuma na ɗaya ne. Na juya irin waɗannan biyun a tafin hannuna sau da yawa, don haka bari in jera maka su gefe da gefe.

Ka fara da shekarar da ke jikinsu, domin nan ne aka fi rasa kuɗi. 1936 ɗin da ke kan kwabon gaskiya ce. 1780 ɗin da ke kan liyari kuwa ba ranar haihuwarsa ba ce. Matar nan ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu. Fatake daga ƙasashen Larabawa zuwa Habasha da Borno sun riga sun amince da wannan tsabar, ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama, sai aka ci gaba da buga ta da shekarar nan ɗaya ba canji. An buga a Biyana, babban birnin Ostiriya, daga baya aka buga a Rum da Landan da Faris da Bombai, har yau ma gidan buga kuɗin Ostiriya bai daina ba. Adadin ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka liyarin da ke gabanka yana iya zama na zamanin Shehu, yana iya zama sa'an mahaifinka. Wataƙila shi kansa mai kayan bai san haka ba, abin da ya ji ne yake faɗa.

Wannan bai rage masa daraja a wurina ba, don liyari namu ne ta hanyar fatauci. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin ɗaya a kan wuri 2,500. Kakanninmu mata sun rataya shi a wuya, maƙeran farfaru sun narka shi sun yi zobba da awarwaro. Amma farashinsa, in dai na gama-gari ne, farashin azurfar jikinsa ne da ɗan ƙari. Nauyinsa giram 28 da ɗigo kaɗan, kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce, wato kusan giram 23.4 na zallarta. Ka tambayi kuɗin giram ɗin azurfa a ranar, ka buga lissafi, ka ga inda cinikin ya kamata ya tsaya.

Kwabon ba shi da azurfa ko ƙwayar zarra, garwayen tagulla da nikel ne. Darajarsa a sunan da ke kansa take. Edward na 8 ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar wannan shekarar, tun kafin kuɗi mai hotonsa ya shiga hannun jama'a a Ingila. Namu da yake masu huji ne ba sa ɗaukar hoton sarki, suna kawai ake rubutawa, sai aka riga aka buga kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini (ɗaya bisa goma na kwabo) da sunansa. Kada wannan labarin ya sa a tsuga maka kuɗi: an buga su da yawan gaske, har yau ana tsintarsu a tsofaffin adakoki.

Abin da nake so game da kwabon shi ne yana koya wa ido aiki. Ɗauki gilashin ƙara girma ka duba ɓangaren da ke da kambi, ƙasan hujin. In ka ga H, kamfanin Heaton ne na Bamingam ya buga. In KN ne, kamfanin King's Norton ne. In babu komai, gidan buga kuɗin sarki ne na Landan. Shekara ɗaya ke nan, iri uku, ga kuma ɗari da anini kowanne da nasa. Akwai masu kuskuren bugu: huji ya kauce daga tsakiya, ko wanda ba a huda ba sam. Akwai ma na 1936 mai H da aka haɗa masa hatimi biyu da ba su dace da juna ba, gefe ɗaya namu, ɗaya na kuɗin Gabashin Afirka. Wannan kam in ka same shi ka riƙe da kyau. Liyari ma yana da ire-irensa, sai dai bambancin a ƙananan abubuwa yake, kamar siffar gicciyen da ke bayan 1780 da gashin jelar gaggafa, kuma sai wanda ya daɗe a harkar yake iya cewa wannan bugun Rum ne, wancan na Landan.

Batun jabu, liyari ne abin tsoro, domin ba kasafai mai jabu yake wahalar da kansa a kan kwabo ba. Ka tafi da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. In ya gaza giram 27 alhali bai suɗe ba, ajiye shi. Ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa da wata tsabar: azurfa tana yin ƙara siririya mai daɗewa, na dalma kuwa sai ka ji ɗif. Sannan ka juya shi ta baki. Na gaske yana da rubutu mai tudu a kewayensa, IUSTITIA ET CLEMENTIA, da ado a tsakanin kalmomin. Na zubi yakan fito da rubutun a cakuɗe, ko ka ga layin haɗi, ko ƙananan ramuka kamar na ƙyanda a kumatun sarauniyar. Maganaɗisu yana taimakawa amma bai isa ba: in ya kama, jabu ne, in bai kama ba ma yana iya zama tagullar da aka yi wa ruwan azurfa.

Duk wanda ka ɗauka, don Allah kada ka goge shi da toka ko lemun tsami. Abin yana ci mini rai, saboda na sha ganin tsabar da ta tsira shekara tamanin da lafiyarta, yammaci ɗaya aka kashe ta da soson ƙarfe. Duhun nan na jikinta masu tarawa suna so. A kwabo, ka duba ko duwatsun kambin suna nan daram ko sun shafe. A liyari kuwa ka duba ƙwayoyin lu'ulu'un da ke kan maɓallin kafaɗarta, waɗanda fataken da ma su suke dubawa. In an taɓa lanƙaya masa marataya aka cire, tabon yana nan, kuɗinsa ya koma na nauyi.

In ni ne kai, kwabon zan ɗauka, in nemi mai kayan ya haɗa mini da anini da ɗari in yana da su, canjin da ya rage in sayi sikeli da gilashi. Liyarin zai jira ka, ba ƙarewa zai yi ba. Kafin ka biya, turo mana hoton kwabon gaba da baya a hasken rana, ka matso da kyamara daidai ƙasan hujin mu ga ko H ne ko KN.