Kafin ka sayi ƙaramin jirgin sama, tambayi man da yake sha

Duk mai niyyar sayen ƙaramin jirgi don zirga-zirga tsakanin Garwa, Marwa da Injamena, ya fara tambayar mai kafin farashi. Sau da yawa injin da ya mutu a sama lafiyarsa ƙalau: ko man ya ƙare, ko yana tanki bai kai inji ba, ko ruwa ya gauraya da shi.

Jiragen Cessna 172 da 182 fukafukansu a sama suke, man na gangarowa da kansa, kuma ana iya shan tankunan biyu lokaci guda. Piper PA-28 kuwa sai matuƙi ya riƙa juyawa daga tankin hagu zuwa na dama. In ya sha'afa, inji ya tsaya alhali ɗaya tankin cike yake. A nan Cessna ta fi kwantar min da hankali. Sai dai dukansu avgas 100LL suke sha, fetur ɗin jirgin sama mai launin shuɗi, wanda samunsa a yankinmu aiki ne. Mai jirgi kan dogara da durom, durom ɗin da ya daɗe a ajiye kuwa ba ya rasa ruwa ko tsatsa.

Injin Rotax 912, da ake sa wa wasu ƙananan jirage, yana karɓar fetur ɗin mota, shi ya sa yake jan ido. Don Allah kada wannan ya kai ka ga fetur ɗin bakin titi da ake kira zuwa-zuwa. Ga kuma zafin Maris da Afrilu a Garwa, da ke haura digiri 40; fetur ɗin mota ya fi saurin zama tururi a cikin bututu, ya toshe wa inji hanya.

Ni dai, ga mai doguwar tafiya irin ta Abeche ko Faya a Chadi, na fi son Diamond DA40 NG mai injin Austro. Jet A-1 yake sha, man manyan jirage, wanda ya fi samuwa a manyan filaye, kuma ba ya zuƙa da yawa. Tsadarsa da nisan makanikinsa su ne cikas, kuma kwamfuta ke sarrafa injin, don haka batir da wayoyinsa ba abin wasa ba ne.

In tsohuwar Cessna 182 ce ta kafin 1979, sa injiniya ya leƙa tankunanta na roba, domin in sun yamutse ruwa na ɓuya a lungunansu. A duba robar murfin tanki saboda damina, a kuma gwada agogon mai da sandar awo kafin ka biya ko sisi.